Baiwa Ce Ko Koyarwa? Waiwaye Kan Tarihin Koyon Rubutu A Ƙasar Hausa

Ina so in tono wata gardama da ta kaure a taronmu na bara, wadda kiran sallar la'asar ya katse ba a ƙare ta ba. Waɗanda suka halarta za su tuna an kawo shawarar a ware wani abu daga kuɗin ƙungiya a sa wa ƙannenmu da ke makaranta gasar rubutu. Nan take wani ɗan ajinmu ya miƙe ya ce asarar kuɗi ce, domin rubutu baiwa ce, wanda Allah ya ba ya ba, gara a sayo wa yaran littattafan tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Wani kuma, wanda yanzu shi ma alli yake riƙe da shi, ya ce babu wata baiwa, a ba shi kowane yaro shekara uku ya mai da shi marubuci. Ni dai ban ce uffan ba a ranar. Amma da yake tarihi na karanta a jami'a, na koma gida ina ta juya maganar, sai na ga ashe an taɓa gwada wannan al'amari a aikace a ƙasar nan tun kakanninmu suna samari.

Bari mu fara daga inda yawancinmu muka fara, watau makarantar allo. A nan hanyar koyarwa a fili take: malam ya biya, almajiri ya maimaita, daga babbaƙu zuwa farfaru, har hannu ya faɗa yaro ya soma rubuta allonsa da kansa. Ba a neman ya ƙaga kome, kuma daidai ne, domin Alƙur'ani ba abin da za a yi wa ƙari ko ragi ba ne. Abin da yaro ke samu shi ne kyan hannu, da kiyaye harafi, da haƙurin zama. Masu cewa karatunmu na gargajiya hadda ce tsantsa a nan suke tsayawa, alhali kuwa akwai gaba. A makarantar ilmi, inda ake karanta Ishiriniya da Muƙamat Hariri da waƙoƙin Larabawa, akwai wata dabara da ake kira tahamisi. Ɗalibi zai ɗauki waƙar wani babban malami, kowane baiti mai ɗango biyu ya ɗora masa ɗango uku nasa, su zama biyar, ba tare da ya karya kari ko amsa-amo ba. Ku duba hikimar da ke ciki. An ba shi turke, an kuma sakar masa igiya. Ta irin wannan tarbiyya aka sami marubutan zamanin jihadi, irin su Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta yi waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa, jajojinta kuma suka riƙa kai su ƙauyuka suna koyar da mata.

Da Turawa suka ci ƙasar, sai suka zaɓi haruffan boko don aikin mulki maimakon ajami. A 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, a 1912 kuma ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. Aka buɗe Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe ta a watan Maris na 1922. Manufar waɗannan makarantu ba ɓoyayya ba ce. Malaman makaranta ake nema, da malaman ofis na En'e, masu iya rubuta wasiƙa da rahoto da lissafin haraji. Saboda haka shifta da kwafe da nahawun Ingilishi su ne kan gaba. An sami mutane masu tsabtar rubutu ƙwarai, amma shekara ashirin da wani abu bayan buɗe makarantar Ɗan Hausa, yaron da ya iya karatun boko ba shi da wani littafin hira da ɗan ƙasarsa ya ƙaga ya rubuta masa da Hausa. Abin da Hukumar Fassara ke fitarwa, kamar Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, fassara ce daga rubuce-rubucen da.

A nan ne labarin ya yi daɗi. A 1933 Dokta Rupert East, wanda ke riƙe da hukumar a Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana tara malamai, yana roƙonsu su rubuta labari na ƙirƙira da Hausa, wanda ya yi fice a ba shi kyauta a kuma buga littafinsa. Daga baya shi da kansa ya bayyana wahalar da ya sha. Malamai da yawa suna ganin alƙalami na addini ne da tarihi da shari'a, tatsuniya kuwa ta tsofaffin mata ce da yara da dare, ba abin da dattijo zai zauna ya ɓata tawada a kai ba. Wasu ma suna ganin rubuta abin da bai faru ba ƙarya ce kawai. Watau ba basira ce babu ba. Mutanen nan sun tashi cikin gizo da ƙoƙi, sun san zambo da habaici da karin magana, wasu sun haddace littattafan adabin Larabci. Abin da ba su taɓa ji ba shi ne malami ya ce musu wannan kaya da ke cikin kanku ya cancanci a sa shi a takarda.

Da aka ce musu haka, ga abin da ya fito: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. In mai karatu ya lura, Imam da Tafawa Ɓalewa duka ɗaliban Kwalejin Katsina ne, sun ma yi zamani ɗaya, Bello Kagara kuwa, yayan Imam, malami ne a can. Tukunya ɗaya ta dafa su, amma ɗanɗanonsu ya bambanta. Tafawa Ɓalewa ya rubuta labari mai nauyi da natsuwa a kan bauta da ratsa hamada da uwa mai neman ɗanta. Bello Kagara ya ɗauko yaƙe-yaƙen zuwan Turawa ya gauraya su da kirari da aljanu. Imam kuwa ya sako mana Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wanda har yau in an karanta shi a aji sai dariya ta ɓarke. Da koyarwa kaɗai ke yin marubuci, da littattafan sun fito kamar tubalin da aka buga da sifa ɗaya. Wannan maki ne ga ɗan'uwana mai cewa baiwa ce.

To amma kada ya yi saurin murna. A 1936 aka ɗauko Imam daga makarantar Midil ta Katsina inda yake koyarwa, aka kai shi Zariya, East ya tara masa littattafan labarun Larabawa da na Indiya da na Turai, suka zauna tare wata da watanni. Imam ya rubuta, East ya duba, a yi gyara, a sake. Daga wannan zama aka sami Magana Jari Ce, littafi uku. Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja sa'an nan ya karanta Magana Jari Ce zai ga bambanci. Na farko aikin saurayi ne mai zafin basira, labari na bin labari kamar jerin gwano, wani lokaci ba abin da ya ɗaure su sai tafiyar jarumin. Na biyu kuwa an gina shi, an sa aku ya riƙe zaren, kowane labari ya san inda zai shiga da inda zai fita. Kuma ko da yake tushen labarun da yawa baƙo ne, Imam ya yi musu wanka ya sa musu riga da hula har ba mai cewa ba a Katsina ko Zazzau aka haife su ba. A ganina wannan tahamisi ne aka sake yi da zube. Mutumin da aka horar haka shi aka danƙa wa Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, Hausarsa kuma ta zama ma'aunin da aka daɗe ana auna ta kowa da shi.

Abin da ya biyo baya zan taƙaita shi. An yi Yaƙi da Jahilci cikin shekarun 1950, hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai masu yawa kafin a rufe ta a 1959, aka kafa kamfanin NNPC a Zariya a 1966. Abin lura shi ne, duk sa'ad da aka sa gasa sai marubuta su ɓullo kamar da ma a bakin ƙofa suke. Gasar NNPC ce ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980. Wadda Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta shirya kuma ta ba mu Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya a 1982.

Sai gwaji na biyu, wanda ba hukumar da ta shirya shi. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya kwararo yara makaranta fiye da yadda malamai za su iya ɗauka. Aji ya cika ya batse, malami ɗaya ba zai iya duba insha'in yaro ɗaiɗai ba. Amma yaran sun iya haɗa baƙi. Daga tsakiyar shekarun 1980 sai ga matasa, mata da yawa a cikinsu, suna rubuta labarai suna kai wa maɗaba'a da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, ta fitar da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, wanda yayyenmu mata suka riƙa ɓoyewa ƙarƙashin matashi. Masana suka yi ta kai ruwa rana a jaridu cikin shekarun 1990, Ibrahim Malumfashi na suka yana kiran abin adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu na karewa. Ni ina ganin kowannensu ya riƙe wani gefe na gaskiya. Basira ta zuba kamar ruwan Agusta, kuma waɗannan littattafai sun sa mutane karatu fiye da duk wani shirin gwamnati. Amma da yawa daga cikinsu ba wanda ya zauna da marubucin ya ce sake nan, rage can, raba wannan kalma, haɗe waccan. Waɗanda suka daɗe ana karanta su su ne waɗanda suka nemi wannan gyara da kansu, a ƙungiyoyi irin su Raina Kama ko wajen abokai.

Yanzu in dawo gida. 'Yan ajinmu za su tuna mun yi malaman harshe iri biyu. Akwai wanda zai cika allo da insha'i a kan ranar da ba zan manta da ita ba, mu kwafe, mu haddace. Ranar jarrabawa mu arba'in da wani abu duka muka yi hatsarin mota ɗaya a hanya ɗaya, kawun kowa ya karye a ƙafar hagu. Ba na zarginsa, sakamako ake tambayarsa, kuma a wurinsa muka koyi sakin layi da aya da waƙafi. Akwai kuma wanda ya ce kowa in ya je hutu ya zauna da kakarsa ya rubuto tarihin unguwarsu. Na kawo nawa shafi huɗu ina taƙama, ya dawo mini da shi ja wur, ya rubuta a ƙasa cewa labarin rijiyar nan shi ne labarin, sauran duk share fage ne, in sake. Na ji haushi ƙwarai a ranar. Sau uku na sake shi.

Yau a ofis fayil kan zo tebur ɗina da sharhin ƙaramin ma'aikaci mai digiri, in karanta layi goma ban gane abin da yake so a yi ba. In na bincika sai in tarar daga tsohon fayil ya kwafo, ko daga waya. Ba daƙiƙi ba ne, in ka zauna da shi hira zai ba ka labari har ka manta da yunwa. Tun yana aji ɗaya aka nuna masa cewa rubutu shi ne neman abin da wani ya riga ya rubuta, ba a kuma taɓa dawo masa da takardarsa an ce ya sake ba.

Saboda haka a taro mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan goyi bayan gasar, amma da sharaɗi. Kada a karɓi rubutu yau a ba da kyauta gobe. A karɓa, a raba wa waɗanda suka yarda daga cikinmu da malamanmu da suka yi ritaya, kowa ya ɗauki yara biyar, ya duba da jan biro, ya mayar musu, a ba su wata guda su sake, sa'an nan a yi hukunci a kan na biyun. A bar yaro ya zaɓi Hausa ko Ingilishi, a kuma buga uku na farko a wannan mujalla. Ni na ɗauki yara biyar tun yanzu. Ɗan'uwana mai cewa baiwa ce kuwa, shi nake roƙo ya zama shugaban alƙalai, a ajiye masa kwafin farko da na biyu na kowane yaro ya gwama da idonsa.