Ƙarafan da Suka Tona Asirin Jirgin São José

Ranar 3 ga Disamba, 1794, wani jirgin ruwa na Turawan Fotugal mai suna São José ya tashi daga tsibirin Mozambik ɗauke da bayi fiye da 500, ya nufi Brazil. Bai kai ba. Ranar 27 ga watan ya ci karo da duwatsu a gaɓar Clifton, kusa da birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, ya tarwatse. Matuƙa duka sun tsira. Bayi fiye da 200 sun nutse, sauran kuwa aka sayar da su a nan.

A shekarun 1980 masu nitso don neman dukiya suka ga ɓuraguzan jirgin, suka ɗauka na Holan ne. Tun da zinariya suke nema, ba su tsaya a kan waɗansu sandunan baƙin ƙarfe da ke zube cikin yashi ba. Ashe a nan labarin yake.

Me ake yi da irin waɗannan ƙarafa? Jirgin da ya yi lodin mutane bai kai mai lodin kaya nauyi ba, kuma mutane suna motsi. Sai a jera ƙarfe a gindinsa don kada ya kife. Wato dai an auna 'yan Adam kamar buhunan gishiri, aka cike giɓin da ƙarfe.

A 2011 Jaco Boshoff na gidan tarihin Iziko ya gano bayanin da kyaftin ɗin jirgin ya bayar bayan hatsarin. Daga baya aka sami wata takarda a Lisbon da ta nuna an loda wa São José sandunan ƙarfe kafin ya bar Fotugal. Da takardu da abin da ke ƙarƙashin ruwa suka dace, aka sanar da sunan jirgin a 2015, kuma aka zuba ƙasar da aka ɗebo daga Mozambik a wurin don tunawa da mamatan.

A ganina, da wani ya kwashe ƙarafan nan ya kai wa maƙeri, da shaidar ta ɓace ke nan. Irin wannan ɓarna ce yarjejeniyar UNESCO ta 2001 take son hanawa: ta haramta cinikin kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa, ta kuma ce a fara duba yiwuwar barinsu inda suke kafin a tsamo su. Ta fara aiki a 2009, Afirka ta Kudu kuwa ta shiga cikinta a 2015.