Daga Cukun Fulani Zuwa Awarar Sabon Ibadan

Awara da yajin da ake sayarwa da yamma a bakin titunan Sabo, unguwar Hausawan Ibadan, tana da tarihin da ya girmi masu suyarta. Tushenta cukun nonon shanu ne, wanda Yarabawa ke kira wara. Matan Fulani sukan ɗumama madara, su zuba ruwan ganyen tumfafiya har ta tsinke, sannan su tsane ta a ƙananan kwanduna. Abinci ne mai daɗi, sai dai ba ya jure kwana, kuma yana cin madara da yawa, shi ya sa yake da tsada.

Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano bayan shekara goma. Fataucin shanu da goro ya bunƙasa, har aka keɓe wa Hausawa Sabo a 1916 ƙarƙashin Sarkin Hausawa. 'Yan Arewa suka taho da yajinsu na tsire: barkono, citta, kanumfari, masoro da garin ƙuliƙuli. Soyayyen cuku ya samu abokin tafiya.

Waken suya kuwa, wanda ake yin awarar yau da shi, baƙo ne. An fara gwada nomansa a Najeriya a 1908, daga baya ya karɓu a ƙasar Tibi, amma yawanci don fitarwa waje. Sai a shekarun 1980 cibiyar binciken noma ta IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, ta duƙufa wajen shigar da shi tukunyar talaka. Masana suka nuna cewa madarar waken tana tsinkewa kamar ta shanu. Mata suka karɓi dabarar, suka sarrafa ta da abin da ke hannunsu: ruwan tsamin kamu, tsamiya ko lemon tsami. Suka riƙa matse ta a ƙyalle, su yanka, su soya, su barbaɗa yaji.

Da haka abin marmarin masu hali ya zama abincin ɗan makaranta da lebura, ya kuma zama jarin matan aure masu sana'a a cikin gida, daga Ibadan har Kano da Maraɗi.

Abin da ke damuna shi ne cukun asali yana ja da baya. Ya kamata mu riƙa sayensa a hannun matan Fulani, domin ciniki ne kaɗai zai hana wannan sana'a mutuwa.