Masu Jar Safa: shekarar da ba a ci su ko sau ɗaya ba

Yau Amurka za mu leƙa, Amurkar shekarar 1869, kuma kan wani wasa da na san yawancinmu ba ma kallo, wato besbol. Kar ku gudu tukuna. Ni ma ɗan ƙwallon ƙafa ne, ban taɓa riƙe sandar besbol ba. Abin da ya ja ni ga labarin nan shi ne maganar kuɗi: wa ya fara cewa saurayin da ke wasa ma'aikaci ne, a biya shi a fili, a rubuce?

Bari in ɗan faɗi yadda wasan yake don mu tafi tare. Mutum tara ne a kowane ɓangare. Ɗaya ya jefo ƙwallo, abokin hamayya ya make ta da sanda, sai ya zura da gudu yana bin tashoshi huɗu da ke kewaye da fili. In ya zagayo ya dawo inda ya tashi ba a fitar da shi ba, ya ci maki ɗaya. In aka fitar da mutum uku, sai a yi musanya, masu bugu su koma tsaro. Ana yin haka zagaye tara. Ya ishe mu.

To, a 1869 shekara huɗu kenan da gama yaƙin basasar Amurka. Wasan ya bazu, kulob-kulob ko'ina, kuma dokar ƙungiyarsu ta ƙasa a da ita ce ba a biyan ɗan wasa. Wasa ne na masu mutunci, wai, ana yinsa don nishaɗi da motsa jini. Amma kowa ya san ana biya ta bayan fage. A ba ɗan wasa wani kaso na kuɗin ƙofa, ko a sa sunansa a jerin ma'aikatan wani ofis da bai san ma inda ƙofarsa take ba. Kulob ɗin Mutuals na New York, wanda ke da alaƙa da 'yan siyasar Tammany Hall, ya yi suna a wannan harka. A ƙarshen 1868 ƙungiyar ta gaji da wasan ɓuya, ta ce wanda zai biya ya biya a fili.

Waɗanda suka rungumi wannan dama hannu bibbiyu su ne mutanen Cincinnati, wani birni a jihar Ohio, bakin kogi, wanda a lokacin aka fi saninsa da mayankar aladu. 'Yan gabas, su New York da Philadelphia, kallon ƙauye suke musu. Shugaban kulob ɗin, wani matashin lauya mai suna Aaron Champion, shi da 'yan kasuwar garin suna son a daina raina su. Suka damƙa aikin a hannun Harry Wright.

Harry ɗan Ingila ne, a Sheffield aka haife shi a 1835, aka kawo shi New York yana jariri. Ubansa da wasan kurket yake cin abinci, shi ma da kurket ɗin ya zo Cincinnati. Kun ga kenan, mutumin da ya tashi a gidan da wasa ke sa tukunya a wuta ba zai ji kunyar karɓar albashi ba. Ya ɗauko mutum goma, kwantiragi daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Nuwamba. Ƙanensa George Wright, gwanin gwanaye a lokacin, dala 1,400. Shi Harry, kyaftin kuma koci, dala 1,200. Ku lura, ƙane ya fi wa albashi. Mai jifa Asa Brainard 1,100, Fred Waterman 1,000, mutum biyar dala 800 kowanne, ɗan benci 600. Jimla dala 9,300. A zamanin, abin da George ke karɓa a wata takwas ya ninka abin da lebura ke samu a shekara sau da yawa.

Kuma a cikin su duka mutum ɗaya ne tak ɗan asalin Cincinnati, Charlie Gould. Sauran duk sayo su aka yi, mafi yawa daga gabas. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kayan wasansu ma abin magana ne. Fararen kaya, wando iya gwiwa, sai doguwar safa ja wur. Daga nan sunan ya fito, Red Stockings, Masu Jar Safa.

Ranar 4 ga Mayu 1869 suka fara, suka lallasa wani kulob na garinsu, Great Westerns, da ci 45 da 9. Kar yawan makin ya ba ku mamaki. A lokacin babu safar hannu, da tafin hannu tsirara ake cafe ƙwallo mai tauri kamar dutse, yatsu na karyewa, kuma mai jifa daga ƙasa yake wurgowa ba ta saman kafaɗa ba. Don haka maki zuba yake kamar ruwan Agusta. Abin da ya bambanta yaran Harry shi ne atisaye. Tunda ba su da wani aikin, kullum suna fili. Ya koya musu in ɗaya ya tafi cafe ƙwallo, wani ya tsaya a bayansa ko da za ta kuɓuce. Ya koya musu kiran juna kafin su yi karo, da sauya wurin tsayuwa gwargwadon wanda zai buga. Yau wannan ko yaro ya sani, amma a lokacin sabon abu ne.

A watan Yuni suka hau jirgin ƙasa suka nufi gabas, gidan masu abin. Ranar 15 ga wata suka haɗu da Mutuals a Brooklyn, aka tashi 4 da 2. A zamanin da ake cin arba'in da hamsin, a tashi 4 da 2, wannan ya nuna wa kowa cewa an shiga wani sabon zamani na tsaro. Suka bi Philadelphia, suka isa Washington, har Shugaba Ulysses Grant ya karɓe su a fadarsa. Wayar tangaraho na kai sakamako gida, jama'a na cincirindo suna jira.

Wasa ɗaya ne ya zo da rigima. A ƙarshen Agusta, da kulob ɗin Haymakers na yankin Troy, ana 17 da 17 a zagaye na shida, baƙin suka yi gardama da alƙalin wasa suka fice daga fili. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa 'yan caca ne suka sa su fita don kar kuɗinsu ya nutse. Caca da wasa, kun ji, ba yau aka fara ba.

Sai kuma tafiyar da ta fi burge ni. A watan Mayun wannan shekarar aka haɗe layin dogon da ya ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma, a Promontory da ke Utah. Wata huɗu kacal bayan haka, Masu Jar Safa suka bi shi har San Francisco, suka buga, suka cinye. Kafin kaka ta ƙare sun yi tafiyar kusan mil 12,000. Sakamako: wasa 57 da kulob-kulob na ƙungiyar ƙasa, nasara 57. Ba wanda ya kai su ƙasa.

Bari in ɗan ratse, don ba zan iya wucewa ban faɗa ba. Wannan ƙungiyar ƙasa da ta buɗe ƙofa ga masu karɓar albashi, ita ce a 1867 ta rufe ƙofa ga duk kulob mai baƙar fata a ciki. A Philadelphia akwai kulob ɗin baƙaƙe mai suna Pythian, ƙarƙashin wani malamin makaranta kuma ɗan gwagwarmaya, Octavius Catto. A Satumban 1869, watan da Masu Jar Safa ke hanyar California, su Catto suka samu suka kara da kulob ɗin farare na Olympic, aka cinye su 44 da 23, amma dai an buga. Shekara biyu bayan nan aka harbe Catto a titi ranar zaɓe. Don haka in an ce ba wanda ya iya cin Cincinnati, a tuna cewa ba kowa aka bari ya gwada ba.

Mu koma. Bayan duk wannan suna da tashe, nawa kulob ya samu riba? Labarin da aka fi bayarwa shi ne, da aka cire albashi da kuɗin jirgi da masauki, abin da ya rage bai kai dala biyu ba. Dala biyu! Amma ba wanda ya damu, tunda ana ci.

Aka shiga 1870, suka ci gaba, wasa 24 a jere. Sai ranar 14 ga Yuni, a filin Capitoline da ke Brooklyn, da kulob ɗin Atlantics. Zagaye tara ya cika ana 5 da 5. 'Yan Atlantics sun yarda a tashi canjaras, har sun fara barin fili, don a wurinsu yin kunnen doki da waɗannan ma abin alfahari ne. Harry Wright ya ce a'a, a ci gaba har a samu gwani. Ya iya karɓar canjaras ya tsira da tarihinsa, amma ya ƙi. A zagaye na 11 Cincinnati ta ci biyu, 7 da 5, kowa ya ce an gama. Atlantics suka dawo suka ci uku. 8 da 7.

Daga nan fa labari ya sha bamban. A duk kakar 1870 wasa shida kawai aka ci su, cikin sama da saba'in. Wace ƙungiya ce yau ba za ta yi rawa da wannan sakamako ba? Amma 'yan kallo a gida suka fara ja da baya, jaridu suka fara caccaka, aka fara tono maganar shaye-shayen wasu 'yan wasan, wanda da ana ci ba a gani. Mutanen da aka yi wa kirari bara suka koma baƙin haya masu cin kuɗin gari. Ga kuma Chicago da wasu garuruwa sun buɗe bakin jaka suna zawarcin 'yan wasa, farashi ya tashi. A watan Nuwamba shugabannin kulob suka fitar da sanarwa cewa ba za su ɗauki 'yan wasan albashi a 1871 ba. Hujjarsu, albashin ya yi yawa, zai jefa kulob cikin bashi, kuma kuɗi na lalata tarbiyyar samari.

Wannan hujja ta ƙarshe ita ke ba ni haushi, wallahi. Na sha zama a tarurrukan da manya ke ce wa matasa ku yi don kishi, kuɗi zai ɓata ku, alhali su ba su taɓa yin aikin kwana ɗaya kyauta ba. Maganar bashi gaskiya ce, ban musa ba, lissafin bai fita. Amma yaran nan ba su canza hali tsakanin Mayu da Nuwamba ba. Abin da ya canza shi ne an ci su. A ganina garin bai taɓa son ƙungiyar ba, rashin faɗuwarta yake so, kuma wannan ba abin da ɗan Adam zai iya sayar maka har abada ba ne.

Su kuwa 'yan wasan, tunda sana'a ce, suka ɗauki jakunkunansu. Biyar suka tafi kulob ɗin Olympics na Washington. Harry ya ɗauki George da Cal McVey, har da Charlie Gould ɗan garin, suka nufi Boston, kuma ya tafi da sunan da jar safar gaba ɗaya. A 1871 aka kafa gasar ƙwararru ta farko, kuma Masu Jar Safa na Boston suka ɗauki kofinta sau huɗu a jere, daga 1872 zuwa 1875. Wannan kulob na Boston bai mutu ba har yau. Ya canza suna, ya koma Milwaukee, daga can ya koma Atlanta, shi ne ake kira Atlanta Braves.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.