Arthur Froehlich (1909–1985)

Arthur Froehlich mai zanen gine-gine ne ɗan Amurka, wanda ya yi suna wajen tsara filayen sukuwa. An haife shi a birnin Los Angeles a 1909. Yana saurayi ya sa hannu a zanen filin Santa Anita da aka buɗe a 1934, sannan ya kafa kamfaninsa a 1938.

Tauraruwarsa ta haska ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da tseren dawaki ke tara dubban jama'a a Amurka, jihohi kuma na cin harajin cacar da ake yi a kansa. Filayen da ya tarar cike suke da ginshiƙai masu tare wa mutum gani, ga cunkoso a bakin tagogin yankan tikiti. Froehlich ya fi sa ɗan kallo a gaba. Rumfunansa na da faɗi, rufinsu ya miƙo gaba ba tare da ginshiƙi a gaban kujeru ba, ga matakala masu tafiya da kansu, ga wuraren cin abinci da fenti mai ɗaukar ido. Wanda ke kujerar baya ma yana ganin doki tun daga tashi har ƙarshen tsere. A nan gwanintarsa take, kuma ba ƙaramar gwaninta ba ce.

Hannunsa na cikin filin Hollywood Park, wanda aka sake ginawa a 1950 bayan gobara ta cinye rumfarsa. Shekarar 1959 ce ta fi yi masa albarka: aka buɗe sabon filin Aqueduct a New York, aka kuma buɗe filin La Rinconada a Karakas ta ƙasar Benezuwela, inda Roberto Burle Marx ya tsara lambunan. Rumfar Belmont Park ta biyo baya a 1968. Ya zana manyan kantuna da ofisoshi, har da ginin kamfanin zanen katun na Hanna-Barbera a 1963.

Abin takaici, gine-ginen sun fi kasuwarsu ƙarko. Da caca ta koma talabijin da intanet, kujeru suka zama wayam. An rufe Hollywood Park a 2013, filin wasa na SoFi ya maye gurbinsa, aka kuma rushe rumfar Belmont a 2024. La Rinconada dai tana nan, ana sukuwa a cikinta.