Fushin Mai Kallo: Nazarin Wani Kashi na The Walking Dead daga Amurka zuwa Kankiya da Kusada

Ranar 23 ga Oktoba, 2016, tashar AMC ta Amurka ta haska kashi na farko na zango na bakwai na The Walking Dead, shirin nan mai dogon zango da ke ba da labarin tsirarun mutanen da suka rage a duniya bayan wata annoba ta mayar da matattu gawawwaki masu yawo suna cin naman rayayyu. Kimanin mutum miliyan 17 ne suka kalli kashin a daren. Da mako ya zagayo, adadin ya sauka zuwa kusan miliyan 12 da rabi, kuma shirin bai sake komawa wancan matsayi ba har ya ƙare ranar 20 ga Nuwamba, 2022, bayan zango 11 da kashi 177. Masoyan da suka yi shekara shida suna kallon ana fasa kawunan gawawwaki ba su kau da kai ba, su ne suka ce a wannan dare an wuce gona da iri. Hujjar wannan maƙala ita ce, martanin mai kallo hukunci ne da yake yanke wa mai ba da labari, kuma ma'aunin hukuncin daga rayuwarsa yake ɗauko shi. Saboda haka abin da ya fusata Ba'amurke da abin da zai girgiza matashi a Kankiya ko Kusada, a tsakiyar Jihar Katsina, sun haɗu a wani wuri, sun rabu a wani.

Asalin shirin

Tunanin gawa mai tafiya, wato zombi, ya shiga finafinan Amurka daga al'adun ƙasar Haiti, inda ake ba da labarin mamacin da boka ke tayarwa ya yi masa bauta a gona. Fim ɗin White Zombie na 1932 a kan wannan tushe aka gina shi. George Romero ne ya sauya fasalin abin a 1968 da Night of the Living Dead, inda gawawwakin suka zama taro marar shugaba mai farautar mutane. Robert Kirkman ya ɗora a kan wannan ya fara littafin zane na The Walking Dead a 2003, Frank Darabont kuma ya mayar da shi shirin talabijin a 2010. Jigon labarin shi ne Rick Grimes, ɗan sanda daga jihar Jojiya, wanda ya farfaɗo daga doguwar suma a asibiti ya tarar babu gwamnati, babu kotu, babu kasuwa. Ƙa'idar duniyar shirin guda ce: kowa na ɗauke da cutar, duk wanda ya mutu zai tashi, sai fa in an lalata masa ƙwaƙwalwa.

Abin da ya faru a kashin

Scott Gimple ne ya rubuta kashin, Greg Nicotero ya ba da umarni. Mutanen Rick suna durƙushe a daji cikin dare, fitilun motoci na haska su, ɗaruruwan 'yan bindiga sun kewaye su. Shugaban 'yan bindigar, Negan, wanda Jeffrey Dean Morgan ya fito a matsayinsa, yana riƙe da kulki da aka naɗe da waya mai ƙaya, har suna ya raɗa masa, Lucille. Ya fara da Abraham, tsohon soja, ya yi ta dukan kansa har ya mutu. Daryl, ɗaya daga cikin mutanen Rick, ya kasa jurewa ya kai wa Negan naushi, sai Negan ya ce dole wani ya biya, ya juya kan Glenn, a gaban matarsa Maggie mai juna biyu. Kyamara ba ta kauce ba: an nuna ido ya fito daga gurbinsa, an nuna Glenn yana ƙoƙarin yi wa matarsa magana harshe ya ƙi. Daga baya Negan ya miƙa wa Rick gatari ya ce ya sare hannun ɗansa Carl ko a kashe kowa. Sai da Rick ya ɗaga gatarin yana kuka aka dakatar da shi, domin abin da ake nema, wato karya masa zuciya, ya samu.

Martanin Amurka: batun amana

Ƙorafin farko a kan zubar da jini ne. Ƙungiyar Parents Television Council ta yi Allah wadai da kashin, masu sharhi da yawa kuma suka ce an mayar da azabtarwa abin kallo. Amma jini kaɗai ba ya bayyana fushin, domin mutuwar Glenn ba sabon labari ba ce ga masu karanta littafin Kirkman: haka ya mutu a fitowa ta 100, a 2012. Abin da ya fi ƙona rai shi ne yadda aka yi wasa da hankalin masu kallo kafin ranar. A Oktoban 2015 an nuna kamar gawawwaki sun cinye Glenn, aka cire sunan ɗan wasan, Steven Yeun, daga jerin sunayen farkon shiri, bayan makonni aka nuna ashe ya ɓuya a ƙarƙashin tankin shara. Ranar 3 ga Afrilu, 2016 kuma aka rufe zango na shida da Negan yana dukan wani da aka ɓoye fuskarsa, aka bar mutane fiye da wata shida suna cacar baki a kan wa aka kashe. Mai kallo ya ba da lokacinsa da ƙaunarsa, sai ya ga ana amfani da su a matsayin tarko don a tara jama'a a daren talla. Wannan shi ne cin amanar da aka hukunta da kashe talabijin. A Janairun 2017 Gale Anne Hurd, ɗaya daga cikin masu shirya shirin, ta ce an rage tsananin wasu fitowa saboda ƙorafin, ko da yake Gimple da Nicotero sun musanta haka daga baya.

Yadda fim ke isa Kankiya da Kusada

Kankiya na kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, Kusada kuma na maƙwabtaka da ita ta gabas. Su biyun da Ingawa mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai ta Tarayya. A garuruwa irin waɗannan, fim ɗin waje ba kasafai yake zuwa ta tashar da ta shirya shi ba. Yana zuwa ne ta shagon masu tura finafinai a waya, inda matashi zai miƙa memori a zuba masa zango guda ko biyu a lokaci ɗaya, ya bar wayar a caji, da dare a haɗa kai mutum uku ko huɗu a dandali ko a zaure. Wanda ya fi jin Turanci shi ke fassara wa sauran, al'adar da kamfanoni irin su Algaita na Kano suka mayar sana'a da finafinan Indiya da sauransu.

Wannan hanya ta kashe rabin ƙorafin Ba'amurke tun kafin a fara. Wanda ke da zango na shida da na bakwai a memori ɗaya bai yi jiran wata shida ba, latsawa kawai zai yi. Ba a sa masa talla a tsakiya ba, ba a kuma ja masa rai ba. Sai dai ya san ciwon a wani wuri: masu bin Labarina na Aminu Saira, ko Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na Arewa24, ko Izzar So a YouTube, mako-mako suke jira, kuma cece-kucen da ya biyo bayan ficewar Nafisa Abdullahi daga Labarina ya nuna cewa mai kallo Bahaushe ma yana ganin yana da haƙƙi a kan tauraron da ya saba da shi. Batun amana ɗaya ne, wurin da yake bayyana ne ya bambanta.

Mutuncin gawa

Bayan na amana, ma'auni na biyu ya shafi mamaci. A ƙasar Hausa gawa tana da haƙƙi a kan rayayyu: a yi mata wanka, a sa mata likkafani, a sallace ta, a kai ta makwancinta ba tare da jinkiri ba, kuma shari'a ta hana a yi mata kaca-kaca ko da ta abokin gaba ce a fagen yaƙi. Abubuwan tsoro na gargajiya, fatalwa da maye da aljani, duk a kan kurwa da ruhi suke aiki. Jikin da aka binne ba ya dawowa sai ranar tashin alƙiyama. Don haka gawa mai yawo ba ta da gurbi a tunanin mai kallo na nan, kallonta yake yi a matsayin dabarar masu kwalliyar fim. Abin da ke da nauyi shi ne ƙa'idar shirin da ta wajabta wa ɗa ya soka wa uwarsa wuƙa a ka, ko ya harbe ta, kafin ta tashi.

A nan ne matsayin Glenn ya fito fili. Tun a zango na farko, lokacin da ake tara gawawwaki za a ƙone bayan wani hari a sansani, shi ne ya tsaya kai da fata cewa nasu mutanen binne su za a yi. Yaro ne mai kai wa mutane abinci gida-gida kafin annoba, ba shi da horon soja, kuma har zango na shida bai taɓa kashe mai rai ba. Wanda ya kare mutuncin matattu shi aka hana wa mutuncin mutuwa, aka bar kansa a ƙasa ba a gane shi. Mai kallon da ya taso yana bin jana'iza tun yana yaro ba ya buƙatar mai sharhi ya nuna masa girman wannan.

Harajin Negan

Ma'auni na uku shi ne mafi kusa da gida. Tsarin Negan a bayyane yake: kowane gari ya ba da rabin abin da ya mallaka, a bar shi ya rayu. Garin Hilltop na biya, garin Kingdom na biya, yanzu an zo kan Alexandria, garin mutanen Rick. Kisa guda a bainar jama'a shi ne buɗe ciniki, kuma ba ya son ya ƙarar da mutane, tunda su ne masu noma masa. Ga Ba'amurke wannan hasashe ne na abin da zai faru in hukuma ta rushe. A Jihar Katsina labari ne da aka sani. Ƙananan hukumomin da ke bakin daji, irin su Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Dandume, sun daɗe suna fama da 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane, kuma ƙauyuka da dama a arewa maso yamma sun biya haraji kafin a bar su su yi shuka ko girbi. A Disambar 2020 an kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar. A Oktoban 2023 gwamnatin Dikko Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma. Mutumin Kankiya ko Kusada yana cin kasuwa ɗaya da mutanen waɗannan wurare, yana da dangi a cikinsu.

Shirin ya kuma taɓo wata tambaya da ake muhawara a kanta a majalisun Katsina: sulhu ko faɗa? Kafin daren kulki, mutanen Rick ne suka kai hari sansanin yaran Negan suka kashe su suna barci, bisa yarjejeniyar Hilltop za ta ba su abinci, kuma Glenn na cikin masu kisan. Ramuwa ce ta jawo ramuwa, kamar yadda ɗaukar fansa tsakanin 'yan sa-kai da 'yan bindiga ya rura wutar rikicin Zamfara da Katsina. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta gwada sulhu a 2019, bai ɗore ba. Saboda haka durƙuson Rick, wanda Amurkawa da yawa suka gani a matsayin wulaƙanta jarumi, a nan ana iya karanta shi a matsayin lissafin mai gari da ke da mata da yara a wuyansa.

Hujjojin masu ja

Akwai masu cewa duk wannan ɗora wa nishaɗi kayan da ba nasa ba ne, yaro na kallo ne don ya ga faɗa. Gaskiya ne mafi yawan masu kallo ba sa zama su yi nazari, amma gardamar da ke tashi bayan an kashe waya, cewa Daryl ne ya jawo wa Glenn ko kuwa Rick ne tun farko, gardama ce a kan alhaki, kuma ita ce nazarin. Wasu kuma, musamman iyaye da malamai, na ganin irin waɗannan finafinai suna ƙeƙasar da zuciya. Damuwarsu na da tushe, domin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, da takwarorinta suna iya bin diddigin abin da aka shirya a gida, amma abin da ke shiga memori ba mai tantance shekarun mai kallonsa, alhali a Amurka an ware shirin ga manya. Duk da haka, tarihin wannan kashi ya raunana zaton cewa yawan kallo na kashe tausayi gaba ɗaya: miliyoyin da suka saba da jinin gawawwaki sun bambance shi da zaluncin mutum a kan mutum, suka ƙi na biyun.

Darasi ga marubutan gida

Masu rubuta shirye-shiryen Hausa masu dogon zango suna fuskantar irin jarrabawar da Gimple ya fuskanta, tunda kuɗin YouTube da na talla sun dogara ne da a dawo mako mai zuwa. Jan rai dabara ce halastacciya, amma tana da iyaka, kuma iyakar ita ce lokacin da mai kallo ya gane ana ɓoye masa abu ne don a riƙe shi, ba don labarin ya buƙaci haka ba. Kashe tauraro ma haka: ana karɓarsa in ya fito daga halin mutanen labarin, ana ƙinsa in an yi shi don a girgiza jama'a kawai. Ga marubucin da zai taɓa batun 'yan bindiga kuwa, nauyin ya ninka, domin a cikin masu kallonsa a Katsina akwai waɗanda suka tara kuɗin fansa da hannunsu, kuma da wannan sani za su auna kowace fitowa.