Madatsun ruwa da kifayen kogin Isa: abin da ke raguwa da abin da ke yawaita

Kogin Isa, wanda ake kuma kira Kwara, yana tasowa daga duwatsun Gine, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200 kafin ya faɗa teku a Najeriya. Kimanin kilomita 550 na wannan tafiya a cikin Nijar suke. Masana sun ƙidaya nau'in kifi kusan 250 a kogin da rassansa, wajen 20 daga ciki ba a samun su ko'ina a duniya sai nan. Masunta sun san manyansu da suna: giwan ruwa, yauni, bargi, ragon ruwa, tsage, kurungu, faliya, karfasa da tarwaɗa.

Rayuwar akasarin waɗannan kifaye ta rataya ne ga cikowar kogi. Idan ruwa ya hau ya malale fadamu, kifi yakan bar tsakiyar kogi ya shiga cikin burgu da sauran ciyayi ya yi ƙwai. A nan ƴaƴan ke samun abinci da maɓoya daga manyan kifaye, sai ruwa ya fara janyewa su dawo kogi. Shekarar da ambaliya ta yi faɗi kuma ta daɗe, kamu yakan yi kyau a watannin da ke biye. Abin da madatsa ke taɓawa ke nan: tana riƙe ruwa a lokacin da ya kamata ya malala, ta sake shi da rani, sannan ta tare hanyar kifin da ke hawa sama don haihuwa.

Madatsar Markala ta ƙasar Mali, da aka gama a 1947 don noman rani, an yi mata ƴar hanyar wucewar kifi, amma ba ta wadatar ba, kifi na taruwa a gindinta inda masunta ke kwashe shi. Selinge ta biyo baya a farkon shekarun 1980 a kan kogin Sankarani, daidai lokacin babban fari. A makeken fadamar tsakiyar Mali, kamun shekara ya faɗo daga kusan tan 90,000 a ƙarshen shekarun 1960 zuwa wajen rabin haka a shekarun 1980. Fari ne ya ɗauki kaso mafi girma na laifin, madatsun suka ƙara gishiri a ciwon. Yauni da bargi, masu yin sheƙa cikin ciyawa, suka yi wuyar gani, karfasa da tarwaɗa masu jure ruwa kaɗan suka mamaye raga. A Yamai ma, a watan Yunin 1985, kogin ya daina gudu baki ɗaya.

Kainji a Najeriya, wadda aka toshe a 1968, ta nuna abin da ke faruwa a bayan bango. Da farko tafkin ya yi albarka, domin ciyayi da itatuwan da ruwa ya shanye sun zama abinci. Faliya ta yawaita, kamu ya haura tan 28,000 a farkon shekarun 1970. Kafin 1978 ya koma ƙasa da tan 5,000. Kifayen da ke son ruwa mai gudu da duwatsu suka ragu, karfasa da wasu ƴan mitsi-mitsin kifaye na tsakiyar ruwa suka karɓe wurin. Don haka nauyin kifin da ake sauke wa a bakin tafki ba ya nuna lafiyar kogi. Ana iya cika kwanduna da nau'i uku ko huɗu alhali goma sun ɓace daga kasuwa.

Wannan darasi ya shafi Kandaji, a jihar Tillaberi, kimanin kilomita 180 sama da Yamai. Shugaba Tanja Mamadu ya aza harsashinta a 2008. An tsara ta ba da lantarki megawat 130, ta shayar da hekta 45,000, ta kuma tabbatar da ruwa ba ya yankewa da rani. Wannan na ƙarshe alheri ne ga kifi. Amma fadamun da ke ƙasa da ita za su dogara ga yadda masu kula da ƙofofin za su riƙa sakin ruwa lokacin cikowa.

Ba madatsa kaɗai ba ce. Sare itatuwa ya sa ƙoramu na zubo rairayi suna cike guraben da kifi ke fakewa da rani. Masu haƙar zinariya a yankin kogin Sirba suna aiki da sinadarai masu guba. Dattin birane da na majemu yana gangarawa kogi, ga ciyawa baƙuwa mai shuɗin fure da ke rufe fuskar ruwa ta hana shi iska. Raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, tana kwashe kifin da bai kai ga haihuwa ba.

Mutanen Maraɗi sun ga irin wannan a ƙaramin sikeli: tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina, ruwan da gulbin Maraɗi ke kawowa ya ragu, kuma yana cikin masu ciyar da tafkin Madarunfa. Rabon ruwan babban kogin kuwa yana hannun Hukumar Kula da Kogin Isa, mai ƙasashe 9 da cibiya a Yamai, wadda ake tattauna shirin madatsar Fomi ta Gine a gabanta.