Fadar Kaosen da ta zama masaukin baƙi

Duk wanda ya taɓa sauka Agadas daga cikinmu ya ga Hôtel de l'Aïr, ginin ƙasan nan da ke fuskantar babban masallaci mai hasumiya mita 27. Da yawanmu otal kawai muka ɗauke shi. To, asalinsa fada ce.

An gina shi a 1917 domin Kaosen, jagoran Abzinawan da suka yi wa sojan Faransa ƙawanya a Agadas tun Disamban 1916, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. A watan Maris na 1917 dakaru suka iso daga Damagaram, suka karya ƙawanyar. An kashe Kaosen a Murzuk ta ƙasar Libiya a 1919, shi kuma Tagama ya rasu a tsare a Damagaram a 1920. Gidan ya rasa mai shi, amma bai rushe ba. Daga baya aka mai da shi masauki, babban zaurensa mai bakan gizo ya zama wurin cin abinci. Zamanin da tseren motocin Paris-Dakar ke ratsa Agadas, garin cike yake da baƙi.

Tawayen shekarun 1990 da na 2007, da sace ma'aikata a nan Arlit a Satumban 2010, su suka kori masu yawon buɗe ido. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya, har da wannan gida.

Sai dai takarda ba ta tare ruwan sama. Ginin ƙasa yaɓe yake so bayan damina, a gyara indararo, a duba azara. In aka lulluɓe shi da siminti, danshi ya maƙale a ciki, bango ya ci kansa. Kuma kuɗin yaɓe daga baƙi yake fitowa.

Mu dai mun san abin da ke samun gari in aiki ya tsaya, tun da COMINAK ta rufe a Maris 2021. Don haka kada mu jira sai Turawa sun dawo. In hanya ta kai mu Agadas, mu shiga, mu sha shayi, mu nuna wa yaranmu inda tarihin Kaosen yake. Allah ya ba mu zaman lafiya.